Allurar Da Ba Ta Jiran Ranar Suna

Cikina yana wata biyar na fara zuwa awo, kamar yadda da yawanmu ke yi a nan Birnin Kebbi, sai ciki ya fito sannan a tuna da asibiti. Aka ɗebi jinina tare da na sauran mata. Ranar da na koma karɓar sakamako, nas ɗin ba ta miƙo mini takarda a kan layi ba, sai ta ja ni gefe ta rage murya. "Malama, an ga ciwon hanta a jininki, nau'in B."

Ni da ko shawara ban taɓa yi ba. Idona fari tas, ina cin abinci, kullum ina aji ina koyarwa. Likitan da aka tura ni wurinsa ya ce ai halin ciwon ke nan. Yana iya shekara 20 ko 30 a jiki bai ce uffan ba, yana cin hanta a hankali, sai ranar da ciki ya kumbura ko daji ya kama hantar. Ya ce binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da shi. Nan take ɗakin malamanmu ya faɗo mini a rai, mu 25, ina ta tunanin wace ce ta biyun.

Amma maganar da ta hana ni barci ita ce ta abin da ke cikina. Babba in ya kamu, yawanci jikinsa kan kore cutar da kansa, waɗanda take zaunar wa ba su kai 5 cikin 100 ba. Jariri kuwa in ya ɗauka wajen haihuwa, 9 cikin 10 ta zauna musu ke nan. "Ke ma wataƙila tun kina jinjira kika samu," in ji likita. Sai a 2004 rigakafin ya shiga jerin alluran yara a ƙasar nan, ni kuwa lokacin har na fara firamare.

Kwana uku na yi kafin na iya faɗa wa maigidana, don na san inda tunanin mutane ke fara zuwa in an ce ciwo yana cikin jini. Allah Ya saka masa da alheri, washegari ya je aka gwada shi, ba shi da shi, aka fara masa rigakafi: ɗaya a ranar, ɗaya bayan wata guda, ta ukun wata shida da yin ta farko. Hajiya, mahaifiyarsa, ita ce ta ware mini kwano da kofi. Ba ƙiyayya ba ce, an gaya mata har ta gumi ake ɗauka. Duk da haka ya yi mini ciwo, ina ganin kwanona shi kaɗai a kife can gefen randa. Sai da muka je da ita asibiti ta ji da kunnenta cewa ba a ɗauka ta cin abinci tare, ko gaisawa, ko tari, kuma zan shayar da ɗana. Hanyarsa jini ce da saduwa da haihuwa: askar da aka yi wa wani aski da ita, reza ɗaya a gida, almakashin masu yankan farce da ke zagaya kasuwa, allurar da aka maimaita. Ƙwayar tana iya kwana 7 a kan ƙarfe ba ta mutu ba.

An auna yawan ƙwayar a jinina aka ga ba ta da yawa. Da ta yi yawa, da an ɗora ni a kan tenofovir, maganin rage ƙwayar, daga sati na 28 na cikin. Abin da ya rage shi ne allurar jariri, kuma dole a yi ta cikin awa 24 da haihuwa.

A nan na yi sakaci. Na ɗauka tunda kyauta ce, kuma a asibiti zan haihu, magana ta ƙare. Ban tambayi kowa ba, to in na haihu da dare fa? In ƙarshen mako ne fa? Naƙuda ta zo mini ranar Juma'a da dare, na sauka wajen ƙarfe goma. Da gari ya waye muka tambaya, aka ce ɗakin rigakafi a kulle yake, mu dawo Talata. Jikina ya yi sanyi. Ina kallon yaron yana barci cikin zani, ina ƙirga awoyi da yatsa.

Maigida ya hau kabu-kabu ya shiga gari. Wuri na farko babu kowa. Na biyu akwai allurar a firij, amma aka ce ba a buɗe kwalba don yaro ɗaya. Sai a na uku ya dace da wata dattijuwar ma'aikaciya, ta ce BCG, allurar tarin fuka, ita ce ake tara wa yara don ba ta daɗewa in an haɗa ta, amma kwalbar ta hanta tana iya kai kwana 28 a firij bayan an buɗe. "Malam, je ka ɗauko shi yanzu."

Da ya dawo, Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa. "Wanga jinjiri ko kwana bai cika ba, ina za ku kai shi cikin iska? Ku bari a yi suna." Ya durƙusa ya ce, "Inna, in muka jira suna lokacin ya wuce." Ta yi shiru, sannan ta cire mayafinta ta lulluɓe yaron, ta ce ita za ta riƙe shi. An yi masa a cinya bayan la'asar, saura awa biyar da 'yan mintoci.

Ranar suna na sa aka sayo sabuwar reza, aka ɓare ta a gabana kafin wanzami ya taɓa kansa, kuma na hana cire belu. Sauran alluran, na sati 6 da 10 da 14, ban bari ko ɗaya ta wuce ranarta ba. Da ya shekara aka gwada shi, ba ya ɗauke da komai. A nan bakin ɗakin gwajin na yi sujada.

Ni kuma ina komawa duba hanta duk lokacin da likita ya sa mini, kuma na daina shan duk wani jiƙo da ake kawo mini da sunan maganin shawara. Duk mai cikin da na zauna kusa da ita a gidan biki, sai na tambaye ta ko an gwada ta, kuma ko ta san inda za a yi wa ɗanta allura in haihuwa ta zo ranar Asabar.

A gidanmu an gwada mahaifiyata, tana da shi. Ƙannena biyu ba su da shi, sun kammala rigakafi. Saura Yaya, babban wanmu da ke Jega. Ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ba zai je neman ciwo da ƙafarsa ba. Matarsa tana da ciki yanzu. Jibi zan shiga mota in je in same ta.