Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Juna Biyu da Ƙaramin Tumbi

A makon jiya na tsaya a inda aka tabbatar mini cewa ina da juna biyu, bayan na cika wa'adin da likitoci suka ɗibar mini. Duk macen da aka yi wa tiyatar rage ƙiba ana ba ta shawarar ta dakata wata 12 zuwa 18 kafin ta ɗauki ciki, domin a wannan tsakani ne jiki yake zubewa da sauri, kuma ɗan da aka ɗauka a lokacin zai yi rabon abinci da uwar da ita kanta bai ishe ta ba.

Tiyatar da aka yi mini ita ce wadda ake raba tumbi a bar ɗan aljihu, a haɗa shi da hanji, ta yadda abinci zai tsallake farkon ƙaramin hanji. A wurin da ake tsallakewar ne jiki ya fi tsotsar kalshiyam da sinadarin ayan mai ƙara jini, shi kuwa bitamin B12 ba ya shiga jiki sai da taimakon wani ruwa da tumbi yake fitarwa. Saboda haka damuwata ta wuce yawan abin da nake ci, ta koma kan abin da yake isa ga ɗan da ke cikina.

Mahaifiyata ba ta gamsu da wannan bayani ba. Takan duba kwanona ta ce, "Ƙara mana, 'yar nan, yanzu fa ba ke kaɗai ba ce." Nakan ce, "Umma, wurin zubawar ne babu." Loma kaɗan nake yi sai in ji ƙirjina ya tokare. Mai kula da abincina ta tsara mini ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, in fara da mai gina jiki har in sami aƙalla giram 60 na furotin a yini, kada in sha ruwa a kan abinci, kuma in raba ƙwayar ayan da ta kalshiyam da awa biyu, don ɗaya tana tauye ɗaya. Kowane wata uku ana auna jinina.

Likitata ba ta ɓoye mini komai ba, abin da har yau nake gode mata a kai. Ta kawo mini binciken da masana na Cibiyar Karolinska ta Suwidin suka wallafa a 2015. Cikin matan da aka yi wa tiyatar, kashi 1.9 cikin 100 ne suka kamu da ciwon suga na masu juna biyu, alhali a takwarorinsu da ba a yi musu ba kashi 6.8 ne. Haihuwar ƙaton jariri ma ta ragu. Amma jariran da nauyinsu ya gaza na watanninsu sun kai kashi 15.6, a can kuwa 7.6. Wato hatsarin da nake gudu a da ya ragu ƙwarai, wani kuma ya taso ta ɗaya gefen.

A wata na shida wata sabuwar ungozoma ta miƙo mini kofin ruwan sukari na gwajin ciwon suga, har na karɓa, sai ta hangi tarihin tiyatata a kati, ta ce, "Malama, dakata, wannan ba naki ba ne." Ga mai irin hanjina, ruwan yana iya jawo jiri da gumi da bugun zuciya, daga baya sukarin jini ya faɗi. Maimakonsa, na yi mako guda ina huda yatsa a gida ina auna sukarin jinina kafin karin kumallo da bayan kowane cin abinci. Shi ya sa nake roƙon duk wadda aka yi wa wannan aiki ta faɗe shi a kowane awon ciki, ko da tana ɓoye wa dangi.

Hoton cikin da aka ɗauka bayan haka ya nuna ɗana yana girma, sai dai nauyinsa yana bakin iyaka, aka mayar da hoton duk wata. A mako mai zuwa zan ba da labarin ciwon cikin da ya tashe ni a wata na bakwai, wanda ya sa aka kira likitan tiyata cikin dare.