Abin da na koya wajen neman itacen baka

Shekara uku na yi ina bin Kawu, yayan mahaifiyata, a ƙauyenmu na ƙasar Ningi. Maharbi ne, kuma shi ke sassaƙa wa sauran maharban yankin baka. Da na fara, na ɗauka a gizago aikin yake. Ashe rabin aikin a daji ake gama shi, tun itacen yana tsaye da saiwarsa.

Dargaza ya fi so, saboda tana lanƙwasa ta dawo yadda take. In ba a samu ba sai ɗunɗu, mai tauri da nauyi, sai dai samun miƙaƙƙen reshe a jikinsa wuya ne. Gora ma ana yi da ita. Muna iya yini muna zagaye, mu wuce kurmin dargaza goma bai ɗaga gatari ba. Sanda yake nema mai kaurin da bai wuce damtse ba, tsawonta ya kai kafaɗa, ba gaɓa, ba ramin ƙwaro. Abin da ya fi ba ni wahalar ganewa shi ne murɗiya. Itace zai yi maka kyau daga nesa, amma in ka matso ka bi layin ɓawonsa da ido sai ka ga yana zagaye jikin kamar igiya. Irin wannan ko ka sassaƙe shi sumul, ranar da ka ɗaura tsirkiya zai karkace.

Da hunturu muke sara, lokacin da ruwan itace ya ja baya. Daga nan sai jira. Kawu yakan shafe bakin sandar biyu da kakin zuma, ya jingine ta a cikin ɗaki inda iska ke ratsawa amma rana ba ta kaiwa, ya bar ta har wani hunturun ya zagayo. Ni kuwa gajen haƙuri ya sa wata rana na ɗauki tawa na shanya a kan rufin rumbu. Kwana huɗu ta tsage daga kai har tsakiya. Bai yi min faɗa ba. Ya juya ta a hannunsa ya ce, "Ɗana, baki ya bushe ciki yana ɗanye, dole ta buɗe." Har yau ina jin zafin asarar sandar nan, don mun yi tafiya mai nisa kafin mu same ta.

Sai batun bayan baka, wato gefen da ke kallon abin harbi. Idan aka ja, bayan ne ke miƙewa, cikin kuma yana matsewa. Shi ya sa ɓawo kawai ake cire wa bayan, ba a bari wuƙa ta yanke zaren itacen ko kaɗan. Duk ragin da za a yi daga ciki ake yinsa. Ƙaramar gaɓa ma ba a aske ta, ana barin nama a kewayenta.

Daga baya, da na yi karatu, na ga wannan wahalar ba tamu ce kaɗai ba. Turawan Ingila da itacen da suke kira yew suke yin dogon bakansu na yaƙi, farin gefensa a baya, jan zuciyarsa a ciki. Da mai kyau ya yi musu ƙaranci, a 1472 suka kafa doka cewa jiragen fatake masu zuwa daga ƙasashen da ake samunsa su shigo da sanda huɗu a kan kowane tan na kaya. Sarauta guda, da jiragenta, tana neman abin da ni da Kawu muke nema da ƙafa.

Mu namu ƙarancin daga gatarin masu itacen girki da masu gawayi ya zo, da kuma gonaki da suka cinye jeji. Inda muke samun dargaza cikin tafiyar safiya, yanzu dawa ce da masara. Bara da na je gida, na tarar Kawu ya killace wasu kututture uku a gefen gonarsa, ya kewaye su da ƙaya saboda awaki. Tohon da suka yi ya kai ƙirjina. Ya nuna min guda biyu da suka miƙe, ya ce in dawo bayan hunturu uku da gatarina.