Ni da tamfol

Bara na so in yi wayo. Da damina ta kama, sai na lulluɓe kujerun da muke shan iska a kansu da tamfol, na ɗaure tam har ƙasa, ina ganin na huta. Ashe danshi na kulle a ciki! Ranar da na buɗe, kushin duk ya yi fumfuna, tsatsa ta ci ƙafafun na ƙarfe, na katako kuwa gara ta fara hawa, tunda a kan ƙasa suke.

Kwana biyu ina gurza da samfefa, har hannuna ya yi kanta, sannan na bi da fenti. Bana kowace ƙafa tana kan bulo, na kuma bar wa iska hanya ta ƙasan tamfol. Kushin kam a ɗaki yake kwana.