Mun ɗauka horo muke yi masa, ashe lada muke biyansa

Duk wanda ya shiga koyon aikin ABA, wato fannin nazarin hali da hanyoyin sauya shi, tun makon farko za a cusa masa tambayoyi uku: me ya faru kafin halin, mene ne halin, me ya biyo bayansa. Daga nan sai dalilai huɗun da ke raya hali: neman a kula da kai, gudun wani abu, neman abin hannu kamar abinci ko waya, da kuma daɗin da jiki ke ji shi kaɗai. Na gama kwas ɗin awa 40 ta intanet, ko cikin barci aka tashe ni zan jero su. Duk da haka, wani yaro ɗan shekara shida ya yi watanni yana zaman kusurwa a cibiyar da nake koyon aiki, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don amsar tana rubuce a littafin kowannenmu.

Yaron yana da galahanga, wato autism, kalmomin bakinsa ba su wuce "ruwa" da "Umma" da "a'a" ba. Idan abin ya motsa, sai ya share duk abin da ke kan tebur da hannu ɗaya, ya ƙwalla ƙara, ya kai bayan hannunsa baki ya ciza. Dokar da na tarar ita ce a ɗauke shi a kai shi wata kujera da ke kusurwar aji, ya yi minti biyar, ba mai kallonsa, ba mai yi masa magana. Kowa ka tambaya zai ce maka kulawa yake nema, a share shi zai daina. Bai daina ba. Kullum abin gaba yake yi, mu kuma sai ƙara dagewa muke kan kusurwar, muna yaba wa kanmu cewa ba ma sassauci.

Mai duba aikinmu ba kullum take zuwa ba. A ƙa'idar hukumar BACB ta Amurka, mai ba da shaidar wannan aiki, aƙalla kashi 5 cikin 100 na awannin ƙaramin ma'aikaci a kowane wata dole a yi su ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Mu a nan ƙwararrun 'yan kaɗan ne, mutum ɗaya ce ke zagaya cibiyoyi da dama. Ranar da ta zauna a ajinmu ba ta ce uffan ba sai da aka tashi. Ta miƙo min takarda mai gida uku, kowane gida na ɗaya daga tambayoyi ukun nan, ta ce, "Ƙanwata, daga gobe ki cike wannan. Kada ki rubuta min ya yi fushi, ko ya yi taurin kai. Fushi ba ya ƙirguwa. Abin da kyamara za ta iya ɗauka kaɗai nake so." Na ce, "To Anti, kusurwar fa?" Ta ce in rubuta ta a gida na uku, ita ma abu ce da ke biyo baya.

Ba a je ko'ina ba takardar ta tona mana asiri. Gida na farko kusan magana ɗaya ce daga sama har ƙasa: an ajiye masa fensir da takardar bin ɗigo. A wajen lilo babu, lokacin cin abinci babu, lokacin da malamai ke hira ba wanda ya kula shi, babu. Gida na uku shi ma magana ɗaya: an kwashe takarda, an kai shi kusurwa. Sai na fara kallonsa a kusurwar da gefen ido, abin da dokar ta hana. Da ya zauna kafaɗunsa ke sauka. Ya kamo wani zare da ya fito daga bakin kafet, yana naɗe shi a yatsa yana warwarewa, yana ɗan gunguninsa mai kama da waƙa. Kafin minti biyar su cika lokacin tara ya yi, takardar nan kuwa ba ta sake dawowa ba sai gobe.

Wato mu da hannunmu muka koya masa cewa hanya mafi sauri ta rabuwa da fensir ita ce cizon hannu.

Abin da na so a ce an dasa mana a kai fiye da komai shi ne cewa niyyar malami ba ta cikin lissafi. Tun littafin B. F. Skinner na 1938 ma'aunin bai sauya ba: duk abin da ya biyo bayan hali, halin ya ƙaru, to ƙarfafawa ce, ko da kai kana kiranta horo. Kuma ƙarfafawa ba sai an ba yaro alewa ko an tafa masa ba. Ɗauke masa abin da ya dame shi ma ƙarfafawa ce, mai ƙarfin gaske. Cire yaro daga wuri yana zama horo ne kawai idan wurin na yi masa daɗi. Tebur ɗinmu bai taɓa yi wa yaron nan daɗi ba. A 1982 Brian Iwata da abokan aikinsa sun gwada yara da matasa tara masu ji wa kansu rauni, suka sa kowanne a yanayi daban-daban, ana ba shi aiki, ko ana kula shi bayan ya yi, ko an bar shi shi kaɗai. A shida daga cikinsu halin ya fi tashi a wani yanayi takamaimai, kuma yanayin wani ba shi ne na wani ba. Cizo iri ɗaya, dalili daban. Doka ɗaya ga aji guda ba za ta taɓa dacewa da kowa ba, amma ita muka gada, ita muka yi ta bi.

Kafin a sauya komai sai da Anti ta sa aka kai shi likita ya duba haƙori da kunne da ciki. Yaron da ba ya iya cewa nan ke min ciwo, da hali zai faɗa, kuma ba tsarin da zai gyara ruɓaɓɓen haƙori.

Sabon tsarin ya ginu ne kan aikin Edward Carr da Mark Durand na 1985, waɗanda suka nuna cewa idan ka koya wa yaro hanyar neman ainihin abin da halin ke samo masa, halin yana raguwa, idan kuwa ka koya masa neman wani abu daban, ba ya raguwa. Muka yi kati mai hoton tabarma. Da na ajiye fensir, tun kafin fuskarsa ta sauya, sai in kama hannunsa a hankali mu ɗauki katin ya miƙo min, nan take in ce "hutu" in janye takardar. Daƙiƙa biyu ma jinkiri ne. Aikin kansa muka rage shi, muka bar siririn fensir muka koma alli mai kauri a kan allo. Idan ya share tebur, in tattara kayan ba faɗa, in mayar, in ɗan dakata, in nuna masa katin. Ba kusurwa, ba riƙe shi da ƙarfi.

Sai abin ya ƙara lalacewa. Wannan ma yana cikin littafi: halin da ya saba biya, ranar da ya daina biya yakan yi tsanani kafin ya sauka. Wanda ya saba murɗa famfo ruwa ya zo, ranar da bai zo ba ai ba juyawa yake ya tafi ba, ƙara murɗawa yake, har ya bubbuga kan famfon. Amma karanta shi daban, tsayawa gaban yaro yana ihu har makwabtan aji suna leƙowa daban. Wata rana mahaifiyarsa ta ga shatin haƙora a hannunsa, ta tsaya a bakin ƙofa idonta ya ciko, ta ce, "Malama, me kuke yi wa ɗana? Da can bai kai haka ba." Tana da gaskiya, ba wanda ya zaunar da ita ya gaya mata haka na iya faruwa. Dama dangin mijinta sun dame ta cewa kuɗi kawai take zubarwa. Na fito da takardun na nuna mata gida na farko da na uku, na ce, "Hajiya, ki ba mu ɗan lokaci, idan yawan cizon nan bai sauko ba mu da kanmu za mu sauya." Saura ƙiris ta cire shi. Duk mai shirin fara irin wannan tsari, ya gaya wa iyaye tun ranar farko, ya nemi yardarsu, a kuma shirya yadda za a kare hannun yaro kafin a fara.

Tsananin ya daɗe fiye da yadda muka zata, daga baya muka gano dalili. Malamar da ke karɓarsa da rana ba ta yarda da sabon tsarin ba, idan ihun ya kai maƙura sai ta mayar da shi kusurwa. Kusurwar dai! Lada mai zuwa jefi-jefi ta fi riƙe hali kan mai zuwa kullum, kuma da yake sai ihu ya yi ƙarfi take ba shi, ƙarfin take koya masa. Sai da aka zauna da kowa, har da mai kai su bayi, aka nuna musu jadawalin, sannan yawan cizon ya fara gangarowa.

Ranar da ya ɗauki katin da kansa, ban taɓa hannunsa ba, ban nuna ba, ya ɗora min a tafin hannu yana kallon tabarma, muryata rawa ta yi da na ce "hutu".

Akwai manya masu galahanga da ke sukar ABA, suna cewa an tilasta musu kallon ido, an hana su kaɗa hannu, an koya musu biyayya kawai. Na karanta su, kuma ina ganin duk mai koyon aikin nan ya kamata ya saurare su. Gungunin yaron da naɗe zarensa ba mu taɓa su ba, ba sa cutar da kowa. Abin da muka ba shi hanya ce ta cewa ya ishe ni, a kuma ji shi.

Donald Baer da Montrose Wolf da Todd Risley, a 1968, sun sa cikin siffofi bakwai na wannan fanni cewa dole abin da aka koya ya bi yaro zuwa wasu wurare da wasu mutane. Don haka mahaifiyarsa ta tafi da kati biyu, ɗaya a jikin firij, ɗaya a jakarta don ranar aski. A aji kuwa yanzu katin ya zama abin miƙowa tun kafin in gama ajiye alli. Mun koma "layi ɗaya tukuna, sannan hutu", a makon nan muna gwada biyu, ina rubuta duk lokacin da ya jure da duk lokacin da hannun ya nufi baki.