Kwalbar farin jini

Jiya Maman Hanifa ta tono wata kwalba a ƙasan akwatina, ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

Lokacin ina nemanta ne. Na biyo ta Ƙofar Wambai, sai ga mai magani da lasifika a kan mota: basir, shawara, taifot, sanyin ƙashi, duk kwalba ɗaya. Ban tsaya ba sai da ya ce, "Har da farin jini, budurwa ta gan ka ta kasa barci!" Na miƙa ɗari biyar. Lambar NAFDAC kuwa ko ta ado babu, hoton zaki ne kawai da ayu.

Ya ce murfi ɗaya. Ni da nake da abokin takara mai shago a Kantin Kwari? Na kurɓe rabi.

Bayan isha'i na isa zance, ƙaninta ya shimfiɗa mini tabarma a zaure. Ko gaisuwa ba mu gama ba cikina ya fara kiran ciroma. Zufa ta jiƙa sabuwar shaddata sharkaf. Ana haka babanta ya dawo daga masallaci, na durƙusa.

"Samari, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau, Baba. Ko... da buta a kusa?"

Sau uku ina shiga bayan gidan surukai a daren nan. Ita dai ta ce tausayi ne ya sa ta zaɓe ni, ni kuma na ce maganin ne ya ci. Shekara shida ke nan, har yau ƙannenta Yaya Mai Buta suke ce mini.