Daren da harafin Ƙ ya share mini rajista

Tun bara aka ɗora mini riƙon rajistar ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu: suna, unguwa, da kuɗin wata da kowa ya biya. Wanda ya riƙe ta kafin ni da waya ya rubuta komai, wayar kuma ba ta da haruffa masu ƙugiya. Ƙofar Mata ta zama Kofar Mata, Ɗambatta ta zama Dambatta, kuɗi ya zama kudi. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin mahaifina malamin Hausa ne, tun muna yara ba ya ƙyale wanda ya rubuta kasa alhali ƙasa yake nufi.

Wani dare bayan sallar isha'i na ce bari in gyara su gaba ɗaya da Python, yaren da ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi. Aikin bai kai layi goma ba: a karanta fayil ɗin, a musanya kalmomin, a mayar da shi inda yake. Ga ƙarshen abin da na rubuta:

with open("rajista.csv", "w") as f:
    f.write(rubutu)

Ina dannawa sai ga saƙon kuskure: UnicodeEncodeError: 'charmap' codec can't encode character '\u0198'. Ban damu ba da farko, na ɗauka in gyara layi ɗaya ne in sake gwadawa. Da na buɗe rajistar sai na tarar babu ko harafi ɗaya a ciki. Girmanta bayit 0 (bayit shi ne ma'aunin girman fayil). Gabana ya faɗi, don sunaye sama da ɗari uku ne da lissafin kuɗin mutane.

Kurakurai biyu ne suka haɗu, kuma na farkon shi ne nake so duk mai koyo ya riƙe. Harafin "w" da ake ba open, umarnin buɗe fayil, ba ya jira sai ka fara rubutu. A daidai lokacin da aka buɗe fayil ɗin ake zubar da duk abin da ke cikinsa, kafin a iso layi na gaba. Idan rubutun ya yi nasara ba za ka taɓa lura ba. Idan ya gaza a tsakiya, tsohon ya tafi, sabon bai zo ba, ka yi biyu babu. Akwai "r" na karantawa kawai, da "a" mai ƙara rubutu a ƙarshe ba tare da taɓa na da ba, da "x" wanda ya shigo a Python 3.3 a 2012, shi kuwa idan ya tarar da fayil mai wannan sunan sai ya ƙi buɗewa. Duk na san su a takarda. A daren nan ne na san nauyinsu.

Kuskure na biyu shi ne ya fi shafarmu mu masu rubutun Hausa. Fayil ba haruffa yake ajiyewa ba, lambobi ne, dole sai da tsarin da zai ce wace lamba ce ke wakiltar wane harafi. Ban faɗa wa Python tsarin da nake so ba, sai ta ɗauki na kwamfutar, wanda a Windows ɗina cp1252 ne, tsarin da aka yi don harsunan Yammacin Turai. Yana da é da ü da ñ, amma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, balle ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Lambar nan 0198 da ke cikin saƙon ita ce babban Ƙ na Ƙofar Mata. Karantawa ta wuce lafiya saboda tsohuwar rajistar ba ta da ƙugiya ko ɗaya, sai a wajen rubutawa aka yi karo. Da na tura wa wani abokina mai amfani da Linux maimakon Windows, cewa ya yi shi bai ga matsala ba, don a wajensa wani tsari mai suna UTF-8 ne na asali. Wannan ya sa nake ganin bai kamata a bar wa kwamfuta zaɓin ba ko sau ɗaya. UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, yana ɗaukar haruffanmu duka, kowane mai ƙugiya a bayit 2. Abin da ake buƙata kawai a ƙara encoding="utf-8" a cikin open, wajen karantawa da wajen rubutawa.

Allah ya taimake ni, mako guda kafin nan na tura wa ma'ajinmu kwafi ta WhatsApp. Ya dawo mini da shi da safe, na cike biyan mutum shida da suka biyo baya daga littafin rasit.

Na gyara, na mayar masa, sai ga kiransa: "Malam, wane yare ne wannan?" A Excel ɗinsa kalmar kuɗi ta fito kuÉ—i. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, Excel ne ya karanta bayit biyun ɗ a matsayin haruffa biyu na cp1252. Maganin shi ne encoding="utf-8-sig", wanda ke sa wata 'yar alama ta bayit 3 a farkon fayil don Excel ya gane tsarin.

Yanzu ba na rubutu kai tsaye a kan rajista. Ina rubuta sabon a wani fayil na wucin gadi, in bar with ɗin da ke farkon layin open ya rufe shi, sannan in kira umarnin os.replace ya maye gurbin tsohon da shi. Ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, ko wani harafi ya kawo cikas, tsohuwar rajistar tana nan ba a taɓa ta ba. A taron ƙarshen wata ma'aji ya buga jerin a takarda, aka bi layi-layi ana duba biya, Ƙofar Mata da Ɗambatta kowacce da ƙugiyarta.