Allon da Na Tafi da Shi Tsaunukan Papuwa Niu Gini

A filin jirgin Goroka aka ɗora ni a kan sikeli, ni da takalmina da rigar sanyina da jakar da ke kafaɗata. Matuƙin ya rubuta nauyin a takarda, ya dubi buhunan shinkafa da kwalayen magani da ke jiran shiga, ya ce duk kilon da ya ƙaru, kayan wani ne zai kwana a ƙasa. A nan na gode wa Allah da na ji maganar matata.

Mako uku kafin in tashi, na baje littattafan da zan tafi da su a kan gado: Littafi Mai Tsarki na Hausa da na Turanci, sharhin Romawa mujalladi biyu, ƙamus na Helenanci, littafin koyon Tok Pisin, harshen da aka fi magana da shi a Papuwa Niu Gini, da darussan da zan koyar. An gayyace ni ne na wata huɗu, in taya horar da masu wa'azin ƙauyuka. Matata ta gwada ɗaga jakar ta kasa, ta ce, "Maigida, bishara za ka kai ko dako za ka yi?" Ba a yi kwana biyu ba ta kawo mini na'urar karatu, irin waɗannan su Kindle da Kobo, wadda nauyinta bai wuce giram 200 ba. Na karɓa ina gunaguni, don ni mutumin takarda ne, mai ja wa aya layi da biro. Sunanta na Turanci ya ƙi zama a bakina, sai na raɗa mata allo.

Ta Singafo na bi zuwa Port Moresby. A lokacin babu titin mota da ya haɗa babban birnin da tsaunukan tsakiyar ƙasar, dole sai ta sama, tafiyar kamar awa guda zuwa Goroka, garin da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,600. Daga nan kuma sai ƙaramin jirgin ƙungiyar MAF, wadda ke jigilar masu bishara da marasa lafiya a ƙasar tun 1951.

Tun a masaukin Goroka allon ya fara ba ni kunya. Na buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, sai na ga duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke, wani ɗan akwati ne ya zauna a wurin. Ƙauna ta rasa kanta, ɗa ya koma akwati da wasali. Wata 'yar'uwa mai aikin fassara da muka haɗu a teburin cin abinci ta yi dariya, ta ce sun saba da wannan, ƙasar da ke da harsuna sama da 800 ba ta rasa baƙaƙe masu ƙugiya da ɗigo. Ta jona allon da kwamfutarta, ta zuba masa wani salon haruffa mai suna Charis, wanda ƙungiyar SIL, mai aikin nazarin harsuna da fassara, ta ƙera domin irin harsunanmu, kuma kyauta ake samunsa. Nan take ƙugiyoyina suka dawo. Ashe babbar cibiyar ƙungiyar a ƙasar tana Ukarumpa, a wannan lardin da muke.

Jirgin ya sauke mu a kan wani filin ciyawa da ke kwance a gangaren dutse, mutanen gari tsaye a gefe, mata da bilum, jakar saƙa da suke ratayawa a goshi. Sai a shekarun 1930 baƙi suka fara shigowa waɗannan tsaunuka, alhali Johann Flierl, mai bisharar Lutheran, ya sauka gaɓar teku a Simbang tun 1886. Wanda ya ga kwazazzaban daga sama ba zai yi mamakin wannan tazara ba.

A ƙauyen babu wuta, babu sabis. Farantin sola guda ne a asibitin sha-ka-tafi, kuma hadari yakan rufe rana tun azahar. Wayata ta mutu a kwana na biyu, na jefa ta ƙasan jaka. Allon kuwa ya yi mako uku bai nemi caji ba. Dalilin yana cikin ƙirar fuskarsa: ƙananan ƙwayoyi ne baƙaƙe da farare, lantarki ya tura su sama ko ƙasa su zama rubutu, daga nan su tsaya cak. Sai za a juya shafi yake shan batir, ko in an kunna fitilarsa. Shi ya sa ake karanta shi a tsakiyar rana kamar takarda, da dare kuma ina cikin bargo, sanyi na ratsa bangon asabari, ina shirya darasin gobe ba tare da na ƙona wa masu masaukina kananzir ba. A wannan fanni ban ga aibinsa ba ko kaɗan.

A aji ne muka riƙa saɓawa. Ɗalibaina goma sha huɗu ne, kowa da Buk Baibel ɗinsa, fassarar Tok Pisin da aka kammala a 1989. In na ce a buɗe Ishaya 53, kafin in fita daga shafin da nake, in nemo jerin littattafai, in danna sura, allon ya yi ƙyafta-ƙyaftarsa, sun riga sun isa har wani ya fara karantawa. Yatsun mai wa'azi sun san inda Ishaya yake a kaurin littafi, a kan gilashi kuwa ba su san komai ba. Rannan na tsaya ina dannawa, aji ya yi tsit, sai wani dattijo da ke zama a gaba ya miƙo mini nasa a buɗe, ya ce, "Fasto, ga shi, kafin naka ya farka." Daga ranar na koma hawa mumbari da Buk Baibel na takarda da na saya a Goroka, allon kuma ya zama na ɗaki.

Amma ya rama. Wata ranar Laraba muhawara ta kaure kan sanguma, wato maita, wadda zarginta ke jawo a azabtar da mutane a yankin, galibi mata. Wani saurayi ya tambaya ko Littafin ya yi magana a kai. Na rubuta kalmar sihiri a wurin bincike, ayoyi suka jeru: Saminu na Samariya a Ayyukan Manzanni 8, masu sihirin Afisa a sura ta 19 da suka ƙone littattafansu da hannunsu, kuɗinsu ya kai azurfa dubu hamsin. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya har duhu ya shiga. Dattijon nan ne ya lura cewa a Afisa littattafai aka ƙone, ba a taɓa mutum ba. Ni da na zo koyarwa ban taɓa kallon ayar ta wannan fuska ba.

Ranar tafiya jirgi bai zo ba, haka washegari, haka jibi. Matuƙan nan da safe suke shawagi, in hazo ya toshe bakin kwari sai haƙuri. Na zauna a gefen fili ina karatu, har na faɗa kan 2 Timoti 4:13, inda Bulus daga kurkuku yake roƙon a kawo masa alkyabbar da ya bari a Taruwasa, da littattafansa, musamman na fata. Na yi dariya ni kaɗai. Sanyi da kewar littafi, su ne dai har yau.

A nan dattijon ya same ni. Ya zauna, ya daɗe yana juya allon a hannu, ya tambayi littafi nawa ne a ciki. Na ce sun fi ɗari biyu. Ya ce, "Ɗan'uwana, kai za ka koma inda ake sayar da su. Ka bar mana wannan."

Na rasa ta cewa. Yawancin littattafan da na saya a ɗaure suke da asusuna, ba a ciro su a ba wani kamar yadda ake zaro littafi daga kanta. Kusan duka da Turanci suke ko Hausa, shi kuwa Tok Pisin yake karantawa, a hankali, da yatsa a kan layi. In gilashin ya tsage, babu mai gyara sai an haye teku. Na yi masa wannan bayani duka, ya saurara yana gyaɗa kai, ni kuwa ina jin maganata tana fita kamar ta marowaci.

Na buɗe jaka na ciro Buk Baibel ɗina, wanda wata huɗu na cika gefensa da biro, rabi da Hausa, rabi da gurguwar Tok Pisin. Ya duba rubutun, ya nuna wata ƙ, ya tambayi wace irin k ce wannan mai lanƙwasa. Na furta masa, ya gwada sau uku bai samu ba, muka yi ta dariya. Ya naɗe littafin a leda, ya sa a bilum.

Da hantsin kwana na huɗu muka ji ƙugin jirgi ta bayan dutse. Matuƙin ya fito da sikelinsa, na hau, ya duba takardarsa ta wata huɗu da suka wuce, ya ce na ragu da kilo shida. Ya waiwaya ya kira wata mata da ke tsaye da buhun kofi, ya ce ta kawo a gwada ko zai shiga.